Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Shi ya fara gano ta, ba likita ba.
Yatsun da suka shekara arba'in suna laluben wuyan mutanen Ƙofar Durɓi
suka tsaya cak a ƙarƙashin muƙamuƙinsa.
"Kaluluwa ce," in ji shi, "ta kwana uku."
Ta yi wata huɗu.
Ba zafi, ba ta nuna, ba ta fashe ba,
sai ma ta kira ƙanwarta a hammata.

Da dare zufa, kamar an kwara masa bokiti.
Ni ke shanya zanin gadon kafin kiran assalatu.
Mazagin wandonsa kullum ƙara tsawo yake.

Ya yi wa kansa ƙaho. Ya sha saiwa, ya sha rubutu.
Ranar da za a yanki tsoka a wuyansa
ya dubi yaron da ke riƙe da wuƙar, ya ce,
"Hannunka na rawa, ɗana."
Nasa ne ke rawa.

Mako uku takarda ta fito.
Limfoma.
Na juya kalmar a baki kamar sunan garin da ban taɓa zuwa ba.
Likita ta ce daji ne, amma dajin da ke da hanya a ciki,
wasu na fita.
Baba ya tambayi kuɗi. Bai tambayi kwana ba.

Babur ya tafi, ragon layya ya bi bayansa.
Abashe ya turo daga Fatakwal
ya ce kar a faɗa wa tsoho ko nawa ne.

Talata, bayan kowane mako uku,
kujerar nan mai karyayyen hannu,
da ruwa ja kamar zoɓo
yana shiga jijiyar Sada Wanzam.
Ni ina ƙirga ɗigo, shi yana jan carbi,
wani sa'in mu haɗu a talatin da uku.

A gida, amai.
Tuwon dawa, ya ce ɗanɗanon ƙusa. Fura ma ƙusa.
Kunun tsamiya kaɗai, cokali biyar,
na shida sai an yi rigima.
Ran nan ya zage ni, irin zagin da bai taɓa yi ba.
Na je bayan randa na yi kukana,
na wanke fuska,
na dawo da cokali na shida.

Gashi ya fara kwana a kan matashi,
gemu na bin ruwan alwala.
Ya daina zama zaure.
Masu aski suka koma shagon yaran nan mai janareta.

Wata safiya ya ce in ɗauko zabira.
"Ɗiya mace ba ta gadon aska," na ce,
maganarsa ce na mayar masa.
"To, yau ta gada."
Likita ta hana ko ƙwarzane, na tuna masa.
"Shi ya sa ban kira wani ba."

Ya nuna mini yadda ake wasa ta a kan fata,
yadda ake lanƙwasa kunne da ɗan yatsa.
Kan da na sani da hula kawai
ga shi a tafin hannuna, ɗumi, ba nauyi,
da wani tabo a ƙeya da bai taɓa ba mu labarinsa ba.
Ya runtse ido kamar yaron da aka kama ranar jajibere.
"Hannunki bai rawa, Yahanasu."
Yana yi. Ƙarya ya yi mini, na karɓa.

Saura biyu.
Ta wuyan ta koma kamar ƙwayar gyaɗa,
likita ta taɓa, ta rubuta, ba ta yi alkawari ba.

Jiya Malam Bishir ya yi sallama, askin suna.
Baba ya tura shi gidan Ɗan'iya.
Ya daɗe yana sauraron tafiyar takalminsa,
sannan ya ce, "Askar nan,
ki goge ta, ki sa mata mai.
Damina ce. Kar ta yi tsatsa."